Babi na Biyar: Irin da Ke Cikin Ƙashi

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban teburin mahauci yana sarar ƙashi ya ga ɓargo iri biyu, ko da bai kula ba. Idan aka fasa ƙashin ƙafar saniya, abin da ke ciki fari ne mai ɗan rawaya, ga maiƙo, shi ne wanda yara ke buga ƙashi a bakin kwano don ya zazzago su tsotse. Idan kuwa haƙarƙari aka sara ko ƙashin gadon baya, cikinsa ja ne, da 'yan ramuka birjik, ba ya zazzagowa, ba kuma mai rububinsa. Na farkon kitse ne da jiki ya adana. Na biyun, wanda ba a damu da shi ba, nan ake yin jini.

Jikin ɗan Adam ma haka yake. Jariri kusan duk ƙasusuwansa jan ɓargo ne. Yana girma kitse na mamaye na hannu da ƙafa, har ya zamana a jikin baligi jan ya koma ƙugu, haƙarƙari, ƙashin ƙirji, gadon baya da ƙoƙon kai. A waɗannan wurare, kowace daƙiƙa ɗaya, jajayen ƙwayoyin jini sababbi fiye da miliyan biyu ke fitowa, dare da rana, ko mutum na barci ko yana noma. Dole ne a yi su da yawa haka, domin ba sa daɗewa. Jar ƙwaya kwana 120 take yi ta tsufa, saifa ta tsince ta. Ƙwayoyin da ke tsayar da jini in an ji ciwo ba sa wuce kwana goma. Wasu daga cikin fararen, masu yaƙi da cuta, ko kwana biyu ba sa cikawa a cikin jini. Ga shi kuma jar ƙwaya ba ta haihuwa: kafin ta bar ɓargo ta riga ta yar da cibiyarta mai ɗauke da umarnin gado, don ta sami wurin ɗaukar iska. To wa ke haifar su?

Akwai wasu ƙwayoyi 'yan kaɗan a ɓoye cikin jan ɓargo, su ne ƙwayoyin tushe. Da za a nuna maka ɗaya a madubin likita ba za ka ga wani abin burgewa ba, ƙarama ce, ba ta ɗaukar iska, ba ta kashe cuta. Abu biyu ta iya waɗanda sauran ba su iya haɗawa ba. In ta rabu biyu, tana iya barin ɗaya ta zauna a matsayin tushe yadda uwar take. Ɗayar kuma ta kama hanya, ta yi ta rabuwa, jikokinta na rarrabuwa, wasu su zama ja, wasu fari, wasu masu tsayar da jini. Manomi ya san wannan tsari: komai tsananin bazara ba a taɓa damin iri, domin shi ne zai ba da abincin baɗi, ya kuma ba da irin baɗin baɗaɗa. Shi ya sa akasarin waɗannan ƙwayoyi a kwance suke, suna iya yin watanni ba su rabu ba, 'ya'yansu ne ke ta fama da aikin yau da gobe. Wani bincike da aka buga a Ingila a 2018, bayan an bi salsalar jinin wani mutum mai shekara 59, ya ƙiyasta cewa ƙwayoyin tushen da ke ciyar da jininsa ba su wuce 50,000 zuwa 200,000 ba. A jikin da ke ɗauke da ƙwayoyi tiriliyoyi, wannan ba a bakin komai yake ba, amma rai na rataye a kansu.

Masana na kiransu ƙwayoyin tushe na manya, don a bambanta su da na ɗan tayi na kwanakin farko, waɗanda ke iya zama kowane sashe na jiki, waɗanda kuma aka daɗe ana muhawara kan halaccin taɓa su. Na manyan ba su da wannan rigima, a jikin mai rai ake ɗiba da yardarsa, kuma jariri sabon haihuwa ma yana da su. Sai dai ikonsu na da iyaka: na jini jini suke yi, na fata fata. Wannan iyakar ita ce kan maganar babin nan, domin duk inda likitanci ya mutunta ta an ci nasara, inda kuma aka yi kamar babu ita, an yi asarar dukiya da idanu da rayuka.

Ƙullutai a kan saifa

Ta hanyar bala'i aka san ƙwayoyin tushen jini. Bayan bama-baman da Amurka ta jefa a Hiroshima da Nagasaki a watan Agustan 1945, an sami mutanen da wuta ba ta ƙone su ba, gini bai danne su ba, suka tashi da ƙafarsu. Bayan sati biyu ko uku sai gashi ya fara zuba, dasashi na jini, zazzaɓi ya ƙi sauka, suka yi ta mutuwa. Da aka duba sai aka ga ɓargonsu ya zama kango. Tururin nukiliya ya fi illa ga ƙwayoyin da ke rabuwa; jinin da ke jikinsu ya ƙare wa'adinsa, babu mai maye gurbinsa.

A 1949, a Chicago, Leon Jacobson ya gano cewa in aka lulluɓe saifar ɓera da dalma kafin a haska masa tururin da ya isa kisa, yana rayuwa. Bayan shekara biyu Egon Lorenz ya nuna cewa ko ba a lulluɓe komai ba, in aka yi wa ɓeran allurar ɓargon wani ɓera lafiyayye, ya tsira. Amma mene ne a cikin ɓargon ke yin aikin?

Mutum biyu a Toronto ta Kanada suka warware. Ernest McCulloch likitan jini ne, James Till kuma masanin kimiyyar lissafi da haske. Suna haska ɓeraye, su yi musu allurar ɓargo gwargwado daban-daban, don su auna yadda tururi ke kashe ƙwayoyi. Wata ranar Lahadi a 1960 McCulloch ya shiga ɗakin gwaji ya feɗe ɓerayen da suka kwana goma da allura. Saifar ɓera aba ce 'yar siririya, ja, mai santsi. Waɗannan kuwa sai ya gan su da ƙullutai farare-farare a jiki, ana iya ƙirga su da ido. Ya ƙirga. Da suka jera lissafin sai ya tafi daidai wa daida: ɓeran da aka ba ninki biyu na ɓargo, ƙullutansa ninki biyu ne, kusan ƙulli ɗaya ga kowace ƙwaya 10,000 da aka zuba. Da suka yanka ƙullin suka duba, sai ga jajayen ƙwayoyi da farare da iyayen masu tsayar da jini a cakuɗe. Suka buga wannan a 1961. A 1963, tare da ɗalibinsu Andrew Becker, suka tabbatar cewa kowane ƙulli zuriyar ƙwaya ɗaya tak ce. Suka kuma niƙa ƙulli suka yi wa wani ɓeran allura, shi ma saifarsa ta fitar da nata ƙullutan. Ke nan ƙwayar ba 'ya'ya kawai ta haifa ba, ta bar irinta. McCulloch ya rasu a 2011 ba tare da an ba su kyautar Nobel ba, kuma a ganina an tauye musu haƙƙi, domin ma'aunin da suka kafa shi ake bi har yau kafin a yarda cewa wata ƙwaya tushe ce.

Likitoci ba su jira an gama fahimtar abin ba. A 1957 Donnall Thomas ya ba da rahoton majinyata shida da ya zuba wa ɓargon wasu a Amurka. Babu wanda ya yi nisan kwana. A 1958 wasu ma'aikata shida suka sha tururi a cibiyar nukiliya ta Vinca kusa da Belgrade, aka kai su Faris, Georges Mathé ya zuba wa biyar ɓargon wasu Faransawa, huɗu suka rayu, ko da yake daga baya an fahimci baƙon ɓargon riƙon ƙwarya ya yi musu har nasu ya farfaɗo. Shekara goma aka yi ana binne majinyata, da yawa daga cikin likitoci suka watsar da abin. Thomas ya koma gwaji a kan karnuka.

Abin da ya hana ruwa gudu shi ne shaidar da ke jikin kowace ƙwaya, wadda garkuwar jiki ke dubawa ta bambance na gida da baƙo. Bafaranshe Jean Dausset ya fara gano ta a 1958. Yau ana kiranta HLA. A dashen ƙoda tsoron shi ne jiki ya ƙi baƙuwar ƙoda. A dashen ɓargo tsoron biyu ne, domin abin da aka dasa shi kansa garkuwar jiki ce. Sabon ɓargo na iya buɗe ido ya ga duk jikin da ya sauka a ciki baƙo ne, ya far wa fata da hanji da hanta. Sai da aka iya gwada shaidar nan aka daidaita mai bayarwa da mai karɓa sannan ƙofa ta buɗe. A 1968, a Minnesota, Robert Good ya dasa wa wani jariri da aka haifa ba garkuwar jiki ɓargon yayarsa, ya rayu ya girma. Thomas, wanda ya koma Seattle, ya yi ta warkar da masu sankarar jini a shekarun 1970, aka ba shi Nobel a 1990.

Inda abin ya shafe mu

Babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan masu amosanin jini, wato sikila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haifar jarirai kimanin 150,000 da sikila a ƙasar duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da AS. Da wuya a sami zuri'a a ƙasar Hausa da ba ta san daren da yaro ke murƙususu yana kiran ƙafarsa ko bayansa ba, uwa na gasa masa da ruwan ɗumi tana jiran gari ya waye.

Harafi ɗaya ne ya sauya a umarnin gadon da ke gina sinadarin ɗaukar iska. In iska ta yi ƙaranci, sinadarin ya sandare, ƙwayar ta lanƙwashe ta yi siffar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Maimakon kwana 120, kwana 10 zuwa 20 take yi ta fashe. Ƙarin jini na kawo sauƙi, amma na 'yan makonni ne, domin ɓargon na nan yana fitar da irin abin da ya saba. Kuskuren a ƙwayoyin tushe yake zaune. In an sauya su, an sauya jinin har abada.

Da tsautsayi aka tabbatar da haka. Wata yarinya 'yar shekara takwas a asibitin St. Jude da ke Memphis tana da sikila, sai kuma sankarar jini ta same ta. Don sankarar aka dasa mata ɓargon ɗan'uwanta, wanda yake AS. Sankarar ta tafi, sikilar ma ta bi ta. An buga labarin a 1984. Yau, in yaro ne ƙarami kuma mai bayarwa shaƙiƙinsa ne da shaidarsu ta dace sarai, fiye da 90 cikin 100 na rabuwa da ciwon.

Mutane da yawa in sun ji dashen ɓargo sai su zaci za a fasa ƙashi ne a cusa wani abu. Ba haka ba ne. Mai bayarwa ake sa wa barci, a kwantar da shi rub da ciki, a soka allura mai kauri a bayan ƙashin ƙugu, a zuƙo kaɗan, a gusa a sake zuƙowa, har a tara abin da ake bukata a leda. In ka gan shi sai ka ce jini ne mai kauri. Zai yi 'yan kwanaki yana jin tsamin ƙugu, cikin 'yan makonni jikinsa ya mayar da abin da aka ɗiba. Wahalar tana kan mai karɓa. Kusan mako guda za a yi ana ba shi magunguna masu ƙarfi irin na sankara, don su kashe nasa ɓargon su ba da wuri. Ranar dashen kuwa ba a ko shiga ɗakin tiyata: ledar ake ratayewa, ta bi jijiya yadda ake ƙarin jini. Ƙwayoyin da kansu suke bin jini su nemo cikin ƙashi su zauna, suna bin wani sinadari da ɓargo ke fitarwa.

Daga nan sai jira, sati biyu zuwa huɗu, kuma nan ne ake cin kwakwa. Tsohon ɓargo ya mutu, sabo bai kama ba. Yaron ba shi da garkuwa ko ta sisin kwabo. Baki ya yi gyambo har haɗiyar yawu ta gagara, gashi ya zube, ana ta ƙara masa jini. Yana ɗaki shi kaɗai mai tace iska, mai shiga sai ya wanke hannu ya rufe baki da hanci, abincinsa sai wanda ya dahu lugub, 'yan dubiya kuwa sai dai ta bayan gilashi. Kullum da asuba a ɗebi jini a ƙirga fararen ƙwayoyi, kullum sakamako ya dawo babu. Sai wata safiya a ga 'yan ƙalilan, washegari sun ƙaru. Ɓargo ya kama. Bayan watanni, in rukunin jininsu ya bambanta, na yaron zai koma na mai bayarwa.

Akwai abubuwa biyu da ya wajaba a gaya wa iyaye ba tare da rufa-rufa ba. Na farko, magungunan share ɓargon kan kashe ƙwayoyin haihuwa, musamman ga 'ya mace, kuma kowa ya san nauyin wannan a wurinmu. Wasu yaran kuma, ƙalilan ne amma akwai su, dashen ne ke zama ajalinsu, alhali da an bar su da ciwon da sun ƙara shekaru. Na biyu, wanda ba a cika faɗa ba: jinin ne ya sauya, ba abin da zai gadar ba. Saurayin da aka yi wa dashe yana yaro, in ya je gwajin jini kafin aure, irin wanda jihar Kano ta wajabta da doka a 2024, takarda za ta iya nuna AA. Amma duk ɗan da zai haifa sai ya ba shi S. In ya auri mai AS bisa dogaro da wannan takarda, kowane ciki yana da rabin yiwuwar zuwa da sikila.

Sai batun wanda zai bayar. Mutum kan gaji ƙunshin shaidar nan ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, don haka tsakanin 'yan uwa ɗaya uba ɗaya, damar dacewa sarai ɗaya ce cikin huɗu. Sannan wanda ya dace ɗin dole ya zama shi ba SS ba ne, abin da ya mayar da lissafin uku cikin goma sha shida ga kowane ɗan'uwa. Magidanci zai iya cewa, "Likita, ai gidan a cike yake, yaran sun fi goma sha biyar," sai a tambaye shi nawa ne ɗakinsu ɗaya da majinyacin. 'Yan uba, komai yawansu, rabi kawai za su iya dacewa, ta wajen uban, sai fa in iyayensu mata dangin juna ne. Auren zumunci, wanda ke ƙara haɗa AS da AS a zuri'a ɗaya, shi ne kuma kan sa a sami mai dacewa a cikin 'yan uwan nesa. An sami ci gaba a nan: likitocin jami'ar Johns Hopkins sun fito da dabarar ba da wani magani kwana uku da huɗu bayan dashe, wanda ke kashe ƙwayoyin da suka tashi faɗa ya bar na tushe. Da wannan ake iya karɓa daga uwa, ko uba, ko ɗan uba mai rabin dacewa. Akwai kuma jinin mabiyiya da igiyar cibiya, wanda muke binnewa a bayan ɗaki. Cike yake da ƙwayoyin tushe, kuma tun 1988 Eliane Gluckman ta warkar da wani yaro a Faris da na ƙanwarsa.

A Nijeriya, Dokta Nosakhare Bazuaye ne ya jagoranci dashen farko a 2011, a asibitin koyarwa na jami'ar Benin, ga wani yaro ɗan shekara bakwai mai sikila, da ɓargon wansa. A 2024 asibitin koyarwa na jami'ar Legas, tare da Gidauniyar Sikila ta Nijeriya, ya fara nasa. Masu hali kuwa Indiya suka fi nufa.

Ba jini kaɗai ke da tushe ba. Shimfiɗar cikin hanji kwana uku zuwa biyar take yi a sabunta ta, daga ƙwayoyin da ke ƙasan wasu 'yan ramuka, waɗanda Hans Clevers ya nuna a Holan a 2007. Tsoka na da nata, gindin gashi na da nasa. Wannan ne ya sa mai shan maganin sankara ke fama da zawo da zubar gashi da ƙarancin jini a lokaci guda: maganin na farautar duk ƙwayar da ke saurin rabuwa, bai san ta gari da muguwa ba.

Fata ce ta bi jini wajen shiga asibiti. Howard Green ya koyi renon ƙwayoyin fata a faranti tun 1975. A 1983 aka kawo wasu yara biyu wa da ƙane Boston daga jihar Wyoming, wuta ta cinye fiye da kashi 95 cikin 100 na fatarsu. Daga 'yan guntayen da suka tsira a wurare irin hammata aka yanko, aka rena, cikin makonni suka zama shimfiɗu aka lulluɓe su. Duka biyun sun tashi. Fatar ba ta da gashi, ba ta gumi, amma ta rufe jiki ta tsare rai. A 2015, a Bochum ta Jamus, wani yaro ɗan gudun hijirar Siriya mai ciwon gado da ke sa fata saluɓewa ya kai gargara. Michele De Luca na Italiya ya karɓi guntun fatarsa, ya gyara kuskuren gadon a cikin ƙwayoyin, ya rena, aka sauya masa kusan kashi 80 cikin 100 na fatarsa, har ya koma makaranta. Shi De Luca da Graziella Pellegrini ne kuma suka gano cewa in sinadari ya ƙone gaban ido, fari ya rufe shi, ana iya yanko ɗan abin da bai wuce milimita biyu ba daga zoben da ke kewaye da baƙin ido mai lafiya, a rena, a dasa, gani ya dawo. Turai ta amince da wannan magani a 2015. Ba ya maganin yanar ido, ba ya maganin hawan jinin ido. Aikin da ƙwayar ta saba shi aka mayar da ita ta yi.

Inda aka ƙetare iyaka

A 2001 wata tawaga da Piero Anversa ke ciki ta ba da sanarwar cewa ƙwayoyin ɓargo, in an zuba su a zuciyar ɓeran da ta lalace, suna rikiɗa su zama tsokar zuciya. Duniya ta ɗauka. Aka zuba kuɗi, aka shigar da dubban majinyata gwaje-gwaje a ƙasashe da dama. A 2004 wasu ɗakunan bincike biyu suka maimaita aikin ba su ga komai ba, amma jirgi ya riga ya tashi. Sai a 2018 jami'ar Harvard ta nemi a janye takardu 31 daga ɗakin binciken Anversa saboda an yi coge a sakamakonsu. Gaskiyar yadda zuciya take ta fito ta wata hanya mai ban mamaki. Gwaje-gwajen bam a sararin sama, daga shekarun 1950 zuwa 1963, har da wanda Faransa ta yi a Saharar Aljeriya a 1960, sun bar wata alama a iska wadda ta shiga abinci ta shiga jikin kowa. Jonas Frisén na Suwidin ya yi amfani da ita ya karanta shekarun ƙwayoyin zuciya. Sakamakon 2009: kusan kashi ɗaya cikin 100 ke sabuntawa a shekara ga ɗan shekara 25, ƙasa da rabin haka ga tsoho. Yawancin tsokar zuciyar da za a binne mutum da ita, da ita aka haife shi. Ƙwaƙwalwa da laka ma ba su fi haka ba.

Akwai wasu ƙwayoyi da ake samu a ɓargo da kitse, masu iya zama ƙashi ko guringuntsi a faranti. Su ne jarin mafi yawan asibitocin da ke tallar "stem cell", wato ƙwayoyin tushe, a duniya, don ɗibarsu ba wuya. Arnold Caplan, wanda ya raɗa musu suna a 1991, shi da kansa ya fito a 2017 ya ce a daina kiransu ƙwayoyin tushe, domin in an zuba su a jiki ba sa zama sabon nama, sinadarai kawai suke fitarwa na ɗan lokaci su ɓace. Suna da amfaninsu: a ƙarshen 2024 Amurka ta amince da su don kwantar da faɗan da sabon ɓargo ke yi da jikin yara. Amma a 2015, a wani asibitin kuɗi a Florida, an zuƙi kitsen wasu tsofaffin mata uku aka yi musu allurarsa a ido biyu rana ɗaya, kowace ta biya dala 5,000. Sun shiga suna gani dishi-dishi, ɗaya ta makance ɗungurungum, biyun suka rasa mafi yawan ganinsu.

Namu nau'in ya fi wannan araha, bai kuma fi shi tausayi ba. Garin nan ne na cikin 'yar leda da ake tallarsa a Facebook da WhatsApp, a ce a zuba ƙarƙashin harshe, wai yana maganin ciwon suga da ƙoda da shanyewar ɓarin jiki da rashin haihuwa da sikila gaba ɗaya. In ka karanta jikin kwalin za ka ga daga tuffa ko inabi aka samo shi. Ƙwayar itace ba ta zama ƙwayar mutum, wadda aka busar ta zama gari ta mutu, abin da aka haɗiye kuma ciki narkar da shi yake yi. Abin da ke ci mini rai ba kuɗin garin ba ne, mai ciwon suga ne da zai ajiye allurarsa, da iyalin da za su karkatar da kuɗin wankin ƙoda. Duk wanda ya karanta abin da yaro ke sha kafin ƙwayoyin ɗan'uwansa na jini su zauna a jikinsa, ya san abin da ake sayarwa a leda ba shi ba ne.

Sabon babin da aka buɗe ya kauce wa neman mai bayarwa gaba ɗaya. Jaririn da ke da SS lafiya lau yake a watanninsa na farko, domin yana amfani da sinadarin ɗaukar iska na zaman ciki, wanda ba ya lanƙwashewa. Wajen wata shida jiki ke rufe shi ya buɗe na manya, ciwo ya fara. Sai masana suka ɗebi ƙwayoyin tushen majinyacin kansa, suka yi amfani da dabarar CRISPR suka lalata makunnin da ke rufe na jarirai, suka mayar masa da kayansa. Babu faɗa da baƙo, tunda nasa ne. Birtaniya ta amince da maganin, mai suna Casgevy, a Nuwamban 2023, Amurka ta bi a Disamba. Har yanzu sai an share tsohon ɓargo da magunguna masu ƙarfi, da duk haɗarin da ke ciki. Farashin da aka sa masa a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya.

Ba na ganin laifin uban da zai ji wannan adadi ya kawar da kai. Amma shi wannan sinadarin na jarirai akwai ƙwayar magani mai sauƙin kuɗi da ke ɗaga shi, haidiroksiyuriya, kuma a Kano aka yi wasu daga cikin muhimman gwaje-gwajenta a Afirka. Likitocin asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano da na Murtala, tare da jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun riƙa auna gudun jini a jijiyoyin kan yara masu sikila, suna ba waɗanda ke cikin haɗari maganin don kare su daga shanyewar ɓarin jiki. Ba ya warkarwa, amma yana kai yaro ga girma da ƙwaƙwalwarsa lafiya, wanda shi ne sharaɗin ya amfana da duk abin da zai zo daga baya.

Dashen ɓargo kuma bai fi ƙarfin Arewa ba. Asibitin Malam Aminu Kano yana dashen ƙoda tun 2002, wato akwai hannayen da suka san sarrafa garkuwar jiki. Abin da dashen ɓargo ke ƙara nema shi ne wutar da ba ta ɗaukewa ko na minti ɗaya a ɗakin majinyaci, ma'ajiyar jini mai iya ba da tataccen jini da tsakar dare, ɗakin gwaji mai iya karanta shaidar HLA a gida ba sai an aika waje ba, da ma'aikatan jinya da aka horar aka kuma biya su yadda za su zauna. Ko yaro ɗaya ba a kai ga yi wa dashe ba, mai naƙuda da jini ya ɓalle mata da wanda mota ta buge za su fara cin moriyar ma'ajiyar jinin tun ranar da aka buɗe ta.